Tagogi Bakwai na Baba Evasio

Duk wanda ya hau tudun bayan garinmu ya shiga cocin Uwa Maryamu zai tarar da bango biyu cike da alluna tun daga ƙasa har rufi, kuma fiye da rabinsu hannun mutum ɗaya ne, Evasio Ramella. Mu Baba Evasio muke ce masa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana zana wa mutanen kwarin nan allon godiya. Alfadari ya harbe ka ka tashi, ko ka faɗo daga bishiyar kastanya, ko kogi ya ja ka ya dawo da kai, to dama matarka ko uwarka ta riga ta yi wa Uwa Maryamu alwashi tun kana kwance, sai a tafi wajen Baba Evasio. Zai zana ka da rigar da ke jikinka a ranar, ya zana alfadarin da ƙafarsa a sama, ya zana mai alwashin a durƙushe a gefe, sannan a kusurwar sama ya sa Uwa Maryamu cikin gajimare da shuɗin mayafinta. Ni Delfina na tashi ina kallon allunan nan, har ina gane wane da wane a ciki ta hancinsu.

Ba haifaffen garinmu ba ne. Daga wani kwari ya zo, can gaba da garin Biella, yana saurayi, shi kaɗai da akwatin katako da hannun hagu a aljihu. Hannun nan a aljihu ya zauna har ya tsufa. In an tambaye shi sai ya ce amalanke ce ta bi ta kai yana yaro, ya kawo wata magana. Bai yi aure ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum gemunsa da ɗigon fenti, ga shi da baki, in ya zauna a shagon giya ran Lahadi da la'asar babu mai tsira. Ni kaina ya taɓa ce mini ranar da na mutu sai an binne bakina daban, akwati ɗaya ba zai ɗauke mu ba. Na ce masa shi kuma sai an yi masa akwati mai aljihu.

Doka ɗaya gare shi a sana'arsa, ba ya tsoma buroshi a fenti sai ya ji labarin daga bakin wanda abin ya sama. Ba matarsa ba, ba maƙwabci ba. Zai zaunar da kai ya yi ta tambaya kamar alƙali, wace ƙafa ce ta fara zamewa, rana tana ta wane gefe, me ka gani da ka faɗi. Cewarsa Uwa Maryamu ta ga abin da ya faru da idonta, ba za a kai mata ƙarya a rataye mata a ɗaki ba.

A shekarar 1912 ya shiga jirgin ƙasa ya tafi birnin Milan sayen fenti yadda ya saba, mai shagon ya ja shi wani zaure inda wasu samari suka baje zane-zanensu. Ya dawo ya yi wata guda yana ba gari dariya. Mijina Celso ne ya kawo mini labarin daga shagon giya, yana kwaikwayonsa har da cusa hannu a aljihu.

"Suka ce mini wai wannan hoton jirgin ƙasa ne. Na duba sama, na duba ƙasa, na leƙa bayan allon ko jirgin ya riga ya wuce. Layuka ne kawai da guntayen wili da hayaƙi mai kusurwa, kamar an watso akwatin makaniki daga bene. Wani mai siririn gashin baki ya ce mini, Baba, mu ba ma zana yadda inji yake daga waje, muna zana yadda mutum yake ji in yana cikinsa. Na ce ɗana, ka taɓa shiga? Ya ce a'a. Na ce shi ya sa kake ƙaunarsa."

Celso ya ce kowa ya fashe da dariya ban da Baba Evasio, shi kofinsa ya ɗaga ya shanye. Mu ma mun yi dariyarmu a kan tuwon masara, muka manta.

Aikin Celso kula da bel ne a masaƙar ulu ta bakin kogi, inda ni ma nake saƙa a bene na sama. Wani dogon ƙarfe ne yake juyawa can kusa da rufi daga wannan bango zuwa wancan, bel na fata suna saukowa daga jikinsa suna juya injinan. In bel ya zame Celso ke hawa tsani ya mayar da shi, kuma ba a tsayar da ƙarfen don wannan, ba a taɓa tsayarwa ba. Wata Talata a watan Afrilu na 1913, da hantsi, bel ya kama masa hannun riga ya ɗauke shi daga kan tsanin ya naɗe shi a jikin ƙarfen.

Ni ban gani ba. Abin da na ji shi ne shiru. Injina sama da ɗari suka tsaya lokaci ɗaya ba a busa jiniya ba, kuma duk macen da ke ɗakin nan ta san ma'anar wannan, abin da ba ta sani ba shi ne mijin wa. Wani ya leƙo daga ƙofa ya yi wa ta kusa da shi raɗa, raɗar ta yi ta tafiya, sai na ga duk sun juyo suna kallona. A kan matakala na yi alwashin, ina gudu ina faɗuwa. Na ce Uwa Maryamu, ki bar mini shi ko da rabi ne, zan kai miki allo ranar bikinki.

Ta bar mini shi. Hannun hagu ya tafi daga saman gwiwar hannu, haƙarƙari huɗu sun karye, amma ya tashi. Sai dai bai ƙara magana ba. Yana cin abinci, yana tafiya, yana zama a kan benci a ƙofar gida, amma ko "ruwa" bai taɓa ce mini ba, kuma ba ya ɗaga kai. Mutumin da a dā shi ke gaya wa unguwa za a yi ruwa ko ba za a yi ba, yanzu ƙasa kawai yake kallo. Likita ya duba ya ce harshensa lafiya lau. Na lallashe shi, na yi kuka, na zage shi, har kwano na taɓa fasawa a gabansa don in ji ya ce mini ke mahaukaciya ce. Ya sunkuya ya tsince guntayen da hannu ɗaya.

Uwarsa, Inna Ortensia, ta ce ai abin a fili yake. Uwa Maryamu ce ta riƙe harshensa har sai an cika mata alwashi, ranar takwas ga Satumba, don ranar kaɗai ake rataya allo a shekara. Na yarda da ita, ba ni da wani abin da zan kama. Na tafi wajen Baba Evasio.

Sau uku ya zo gidanmu. Zuwan farko ya yi tambayoyinsa da ya saba, Celso yana kallon takalminsa. Na raka shi bakin hanya na ce, "Baba, ka dai ga halin da yake ciki. Ni zan ba ka labarin, mutum ashirin sun gani."

"Mutum ashirin daga ƙasa suka gani, 'yata."

"To daga ina kake so su gani, daga kan rufi?"

Ni kuwa na lissafa masa abin da nake so: Celso da shuɗiyar rigarsa, tsani a faɗe, ni a durƙushe da koriyar rigata ta Lahadi, kuma don Allah ya rage mini hanci kaɗan, ba sai ya nuna wa duniya gwanintarsa a kaina ba. Na zaci zai mayar mini da magana. Ya gyaɗa kai kawai ya tafi, kuma tun daga nan ya kamata in san da wani abu.

Zuwa na biyu zama kawai ya yi ya tashi. A na uku ya aike ni ɗebo masa ruwa. Ina leƙensu ta taga, su biyu a kan benci kamar an dasa su. Sai Baba Evasio ya ɗaga yatsa ɗaya ya fara juya shi a iska a hankali, zagaye bayan zagaye. Idon Celso ya bi yatsan, karo na farko da na ga ya bi wani abu, sannan ya dafe fuskarsa, jikinsa duk yana rawa. Na fito da ludayi a hannu na kori tsohon har bakin titi, na ce masa allo na ce ya zana mini, ban ce ya zo ya ƙarasa mini miji ba.

Bayan kwana biyu matan bene na ƙasa suka ba ni labari wai Baba Evasio ya shigo masaƙa ana tsakiyar aiki, shi da ko hanyar ba ya bi. Ya tsaya ƙarƙashin ƙarfen, kansa a ɗage, kusan awa guda, ya fita ya yi amai a kogi. Daga nan ya rufe shagonsa mako uku. Ko Lahadi ba a gan shi a shagon giya ba.

Ranar biki muka hau tudun da sassafe, gari duka. Allo ana naɗe shi ne da farin ƙyalle, ba a buɗewa sai a ƙofar coci gaban Fada, limamin cocin, wanda zai sa masa albarka a kai shi bango. Alluna huɗu ne a shekarar. Uku na farko, da ya gama su tun kafin namu, aka buɗe kowa ya yaba, har an gane saniyar da ta tunkuyi 'yar mai burodi. Namu Baba Evasio ne ya ɗauko shi da kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya miƙo mini bai kalle ni ba. Na kwance ƙyallen gaban Fada Amedeo, Celso a damana, Inna Ortensia a haguna.

Na ɗauka a kife na riƙe shi, na juya. Na sake juyawa.

Babu Celso a ciki. Babu tsani, babu ni, babu fuskar mutum ko ɗaya. Layuka ne baƙaƙe da ruwan toka suna zagaya juna suna matsewa zuwa tsakiya, da guntayen wili a yayyanke, da wani ja mai kauri da ya tsaga allon daga gefe zuwa gefe. In ka tsaya kallonsa sai ka ji ƙasa tana karkacewa a ƙarƙashinka. Cikin zagayen akwai 'yan shuɗayen murabba'ai a warwatse, wani a miƙe, wani a karkace, wani a kife. Kusurwar da Uwa Maryamu take zama kuwa babu kowa. A sama, daidai tsakiya, wasu baƙaƙen layuka biyu sun gitta juna.

Waɗannan ne suka firgita ni. A allunanmu in ka ga gicciye a saman mutum, to ya mutu ne, ana sa shi don a tuna da shi. Inna Ortensia ta gani lokacin da na gani, ta zauna a ƙasa da rigar bikinta, bakinta yana motsi ba sauti. Wani a baya ya ce, "Milan ta kama Baba," ya fara dariya, da ya ji shi kaɗai ne ya haɗiye ta. Mata suka fara ja da baya suna yin alamar gicciye.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Ban ɗaga murya ba, kuma waɗanda suka san ni sun ce wannan ya fi ba su tsoro.

"Baba, wata biyar ina jiran yau. Ka zana wa saniya fuska, ni ka kawo mini wannan. Ka sa wa mijina alamar matattu yana tsaye a gabanka. In Uwa Maryamu ta duba, wa za ta gane a nan? Wa za ta sakar wa harshe? Sai wata shekara ke nan, ka sani?"

"Na sani."

"Kai da ka yi wata guda kana yi wa yaran Milan dariya."

"Na yi."

Fada Amedeo mutum ne mai sanyin hali, amma na ga ya ja kwanon ruwan albarka baya. Ya ce, "Evasio, wannan ba zai shiga ɗakin Uwarmu ba. Ina ita? Ina wanda aka ceta? Wannan ba godiya ba ce, ban ma san mene ne ba."

Na fara mayar da ƙyallen, ina ji kamar gawa nake rufewa. Sai wani hannu ya riƙe gefen allon. Hannun Celso ne.

Ya karɓe shi daga hannuna ya jingina da bangon coci, ya tsugunna. Ya daɗe. Ya sa yatsa a kan baƙaƙen layukan da suka gitta, ya bi ɗaya har ƙarshe, ya dawo ya bi ɗayan. Duk wanda ya taɓa aiki a bene na ƙasa ya gane a lokacin, ni ma na gane, kunya ta rufe ni: bel ne, irin wanda ake gittawa don ya juya inji baya, shi ne ma wanda ya kama shi. Sannan yatsan ya sauka kan shuɗin farko, ya tsaya, ya tafi na biyu. Leɓɓansa suna motsi. Ya kai na ƙarshe ya sake farawa.

"Sha ɗaya ne."

Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na waiwaya ina neman wanda ya yi magana, duk da na sani.

"Tagar rufi," in ji Celso, bai ɗago ba. "Duk zagaye sai ta wuce. Sau sha ɗaya na gan ta. Nan bakwai ne."

Baba Evasio ya ce, "Ni nawa bakwai ne."

Ya zaro hannun hagu daga aljihu. Tun da ya zo garin nan babu wanda ya taɓa ganinsa. Ba hannu ba ne, wani murɗaɗɗen abu ne fari mai yatsa biyu, fatarsa a naɗe zagaye-zagaye har gwiwar hannu. Inna Ortensia ta rufe ido. Amalanke ba ta yin haka, kowa a wurin ya sani, rabinmu a masaƙa muke cin abinci.

"Ina da shekara sha tara," ya ce. "A masaƙar garinmu. Babu wanda ya yi mini alwashi, ban da uwa, ban da mata. Kai ba ka ba ni labari ba, ni kuma ba na zana abin da ban ji daga bakin mai shi ba. Sai na zana wanda na sani. Gobe zan hau da fenti in ƙara maka huɗu."

Fada Amedeo ya ce a hankali, "To Uwarmu fa, Evasio?"

"Fada, shekara talatin ina sa ta a kusurwa, saboda mutane sun ce mini sun kira ta, kuma na yarda da su. Ni ban gan ta ba. Taga na gani, shuɗiya, tana zuwa tana wucewa, kuma duk zuwanta sai in ce ashe ban mutu ba tukuna. In ita ce, ku kuka yi karatu, ku kuka sani."

Ni kuwa wani abu ne ya tokare ni, kuma ba zan ɓoye ba, ba na kirki ba ne. Wata biyar ina ganin kaina a allon nan da koriyar riga, gari yana cewa ga Delfina da ta roƙo mijinta daga bakin mutuwa. Na tsugunna kusa da shi na ce, "Ni fa, Celso? Ina nake a ciki?"

Ya juyo ya kalle ni a ido, karo na farko tun Afrilu.

"Ba kya nan, Delfina. Na neme ki. Babu kowa a wurin."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ina kwana da mutumin nan ɗaki ɗaya, ina ba shi abinci, ina fasa masa kwano, ashe shi yana can sama shi kaɗai yana zagayawa, kuma a duk garin nan tsohon da na kora da ludayi ne kaɗai ya san inda yake.

Fada Amedeo ya dubi allon, ya dubi hannun Baba Evasio, ya dubi jama'a. Ya yayyafa ruwan da sauri kamar mai tsoron a kama shi, ya ce a sa shi bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, inda ba zai tsorata yara ba. Can yake har yau, da tagogi sha ɗaya, huɗu sun ɗan fi sauran haske. Baba Evasio ya koma zana alfadarai da shanu har ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai ƙara yin irinsa ba, hannun ma ya koma aljihu.

Wanda aka ceta shi ke buga ƙusar allonsa, haka ake yi. Mai share coci ya kawo hama da ƙusa ya miƙa wa Celso duka biyun, sai ya ga abin da ya yi, ya tsaya yana zare ido. Celso ya karɓi hamar. Ya dubi ƙusar, ya dubi bango, ya dubi hannun rigarsa na hagu da na naɗe masa da allura da safen nan.

"Delfina," ya ce, "riƙe mini ƙusar."

Na riƙe. Bugun farko a kan babban yatsana ya sauka. Ban saki ba.